Zaɓen Kiɗa da Waƙa Domin Ranar Salla

Duk wanda ya taɓa kwana a Jabo, ko Tambuwal, ko Kebbe, a daren da a ke duban watan Salla, ya san kunne ya kan riga ido samun labari. Waɗanda za su ga jinjirin wata da idonsu 'yan kaɗan ne. Sauran jama'a jira su ke yi su ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, sa'an nan su ji gari ya ɗauka da kiɗa da guɗa. Tun daga wannan dare har kwana biyu ko uku, kiɗa ne ke gaya wa mutane inda a ke ciki: an sauko Idi, sarki ya zauna, an buɗe filin wasa, an tashi. Abin da ke da wannan matsayi bai kamata a bar zaɓensa ga duk wanda ya riga kowa kama wayar lasifika ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata Salla da na yi a wani gari na yankin nan. Ba zan ambaci sunan garin ba, gama laifin ba nasu ne su kaɗai ba. Samarin garin sun yi ƙoƙari, sun tara kuɗi, sun kafa rumfa, sun yi hayar kujeru da injin wuta da manyan lasifikoki. Da aka sauko Idi, tun dattawa ba su gama gaisawa ba, sai yaron da ke kula da na'urar ya saki waƙar ango da amarya. Da ta ƙare ya bi ta da waƙar wani ɗan siyasa, cike da zambo ga abokin hamayyarsa, alhali kuwa magoya bayan mutanen nan biyu suna zaune tabarma ɗaya, yanzu-yanzu suka fito daga sahu ɗaya. Can an jima wani attajiri ya iso, aka danna masa busar kakaki da aka ɗauka a faifai. A gindin wani itacen bedi kuwa ga wani tsoho, makaɗin kotso, da yaransa biyar, sun zo tun da safe. Sau biyu suna ɗaura gindin waƙa, ƙarar lasifika tana haɗiye su. Da azahar na ga sun rataya kotsonsu sun kama hanya, ba wanda ya ce musu sannu da zuwa.

Ba wanda ya yi nufin mugunta a ranar nan. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya zauna ya yi zaɓe. A dā wannan aiki yana da mai shi. A kowace fada akwai shugaban makaɗa, shi ya san wanda zai fara da wanda zai biyo baya, ya san kiɗan da a ke yi wa sarki, da na mahauta, da na manoma, ba ya kuwa barin ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Yanzu kuwa rabin shagalin Salla ya koma hannun ƙungiyoyin samari, da malaman makaranta, da kwamitin gari. Watau zaɓen ya faɗo kanmu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. To, tun da haka ne, ya kamata mu san abin da mu ke zaɓa.

Mu fara da duba kayan da ke hannunmu. Turawa suna da ƙungiyar makaɗa da ta kan kai mutum saba'in ko fiye, da masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganga, duka a ƙarƙashin jagora guda mai riƙe da 'yar sanda. Suna kuma da taron mawaƙa masu haɗa murya. Mu ma muna da namu duka biyu, sai dai ba mu saba kallonsu da wannan ido ba. Wajen busa akwai kakaki, dogon ƙarfe mai murya kaɗan amma mai nauyi, wanda ba a busa wa kowa sai sarki. Akwai algaita, wadda mai busa ta ya kan tara iska a kumatu don kada sautin ya yanke. Akwai farai. Wajen kiɗa akwai tambari, shi ma na sarauta ne, da kotso da taushi waɗanda a ke bugawa da hannu, da ganga, da kalangu mai magana. Wajen murya kuwa akwai jagoran waƙa da 'yan amshinsa. Jagora ya kafa gindin waƙa, ya kawo ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya, yara su karɓa, su yi masa ƙari, su mayar da shi gindi.

Ƙasar nan tamu kuwa ita ce matattarar wannan sana'a. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu kiɗan kotso. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Aliyu Ɗandawo ya yi taushi a Yawuri, Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo suka riƙe kotso, Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe. Ko da ya ke an fitar da Jihar Kebbi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, kunnen mutanen Jabo da na Maradun da na Argungu har yanzu guda ne. Mai zaɓen kiɗa a nan ba shi da uzurin cewa rumbu ba kowa.

Abu na farko da mai zaɓe zai tambayi kansa shi ne, wace rana ce wannan? Salla ranar ibada ce kafin ta zama ranar wasa. Ya zo cikin hadisi ingantacce cewa ranar wani Idi Sayyidina Abubakar ya tarad da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya nuna masa ranar ta murna ce. Ke nan murna tana da gurbi. Amma mu da ke zaune a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi jihadi daga 1804, a kusa da Tambuwal inda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna, mun san malaman nan ba su saki linzamin kiɗa ba. Shehu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu duka sun yi rubutu a kan al'amarin, Abdullahi ya fi tsanantawa, Shehu ya sassauta ga kiɗan da ke da dalili, kamar na tara jama'a, da na yaƙi, da na shelar aure. Ba hukuncin fiƙihu na zo yankewa ba, wannan na malamai ne. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne tambayar da suka yi wa kowane kiɗa: mene ne aikinka a nan? Waƙar ango da amarya ba ta da aibu a gidan biki, amma a bakin filin Idi ba ta da amsar wannan tambaya.

Har wa yau ranakun ba ɗaya su ke ba. Ƙaramar Salla tana zuwa bayan wata guda na ƙishirwa da tsayuwar dare, jama'a sun fito da nishaɗi kamar wanda aka sauke wa kaya, sabo da haka tana ɗaukar kiɗa mai motsi, da hawa, da wasan yara. Babbar Salla kuwa safiyarta ta yanka ce da fiɗa da rabon nama. Kowa yana gida yana aiki, wanda ya tara makaɗa da hantsi zai yi wa kujeru kiɗa. Ranar mahauta ce, kalangu kuwa nasu ne tun asali, ya cancanta a ba shi gurbi babba da yamma. Watan Maulidi kuma na murya ne. A nan a ke karanta Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, da Burdar Busiri na Masar, mai ja ya ja, jama'a su amsa. A nan ya kamata a nemo waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waɗanda jajoji suka riƙa kai wa matan ƙauye su haddace. Wanda ya kawo kalangun dambe zauren Ishiriniya ya yi kuskure daidai da wanda ya kawo Ishiriniya filin dambe.

Abu na biyu shi ne lokaci. Yinin Salla yana da matakai, kowane mataki da muryarsa. Hanyar zuwa Idi ta kabbara ce, ba ta bukatar kowane kiɗa. Bayan an sauko, sa'ad da sarki ya juyo gida, lokacin busa ne da ganga, gama a sarari a ke, ga dawaki ga ƙura, ba mai jin kalmomin waƙa. Abin da a ke so shi ne sauti mai kai nesa, da take wanda kowa ya san mai shi. In an isa ƙofar fada an zauna gaisuwa, sai masu busa su ja baya, kotso ko taushi ya matso. Waɗannan muryarsu ƙasa-ƙasa ce, an yi su ne don su ɗauki magana, ba don su danne ta ba. La'asar ta samari ce da 'yan mata, ta kokawa da dambe da rawar kalangu. Dare kuwa, sa'ad da gari ya yi sanyi hankali ya kwanta, shi ne gidan doguwar waƙa.

Bari in ba da misali da Narambaɗa. Waƙarsa ta Dokin Iska tana tafiya da gudu, ko mutum bai kama kowace kalma ba zai ji sukuwa a cikinta, sabo da haka ta dace da yinin hawa. Amma Bakandamiya waƙa ce ta zama. Kowane ɗa a cikinta yana bukatar a ji shi, a juya shi, a dubi na kusa a gyaɗa kai. Na sha jin an sake ta da tsakar rana a cikin hayaniyar masu sayar da rake da masu babur, don kawai an ce ita ce babba. Girman waƙa ba ya cetonta in an sa ta a lokacin da ba nata ba. Wanda ya yi haka ya yi asarar waƙar, ya kuma koya wa yara cewa waƙar tsofaffi surutu ce mai tsawo.

Akwai wani abu kuma da mai zaɓen kiɗan Kirsimeti ba ya fama da shi, mu kuwa tilas mu lura da shi. Kirsimeti kullum ran 25 ga Disamba ta ke. Sallarmu kuwa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, har ta zagaye damina da kaka da rani da bazara cikin shekara 33. A 2011 Ƙaramar Salla ta faɗo a ƙarshen Agusta, tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. A 2024 ta faɗo cikin Afrilu, tsakiyar zafin bazara. Mutanen Jabo manoma ne. Sallar marka tana son gajeren shiri mai sauƙin kuɗi, da gangar noma da za ta yi wa gwanayen garma kirari su koma gona da ƙarfi. Sallar kaka ta ɗauki kwana uku ana abu guda, gama akwai hatsi akwai sukuni. Sallar bazara kuwa a matsar da yawan shagalinta bayan la'asar. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke, haka nan in yanayi ya sāke, tilas kiɗa ya bi shi.

Abu na uku, wanda na fi so a riƙe, shi ne 'yan amshi. Mutane su kan tambayi sunan jagora, ba su tambayar su wane ne ke bayansa. Alhali kuwa nauyin waƙar fada a wuyan 'yan amshi ya ke. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne cikin kiɗan noma wajen mahaifinsa, ya yi shekaru yana amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayari. Da ya zama jagora, abin da ya fi sa waƙarsa daɗi shi ne yadda yaransa ke cafe magana daga bakinsa su ƙarasa, kamar mutum guda mai harshe da yawa. Wannan ba ya samuwa da gwajin kwana biyu. Sabo da haka in ana neman makaɗi don Salla, jagora matsakaici mai yaran da suka daɗe tare ya fi gwani wanda ya tsinto 'yan amshi a tasha.

Wannan magana ta shafi malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, waɗanda ke fito da yara su yi waƙa ranar biki. Kuskuren da na fi gani shi ne malami ya zaɓi waƙar da shi ya ke sha'awa, mai tsawo, mai wuyar Larabci, ya ɗora wa yara 'yan shekara takwas. Su fara da ƙarfi, su kai tsakiya muryarsu ta watse, iyaye su sunkuyar da kai. A zaɓi waƙa mai gajeren amshi, wanda mutum zai kama da ji biyu. A ba yaro ɗaya ko biyu masu murya su ja baitoci, sauran su riƙe amshi. In amshin ya yi daɗi, kafin baiti na huɗu za ka ji iyaye sun shiga, wurin duka ya zama taron mawaƙa guda. Waƙar biki da jama'a ba su iya sa baki a cikinta ba ta cika aikinta ba.

Saura maganar tsoho da sabo. Waɗansu sun ce kada a kawo komai sai abin da aka gada, waɗansu sun ce an gaji da na dā. Mu leƙa waje mu ga yadda waɗansu suka yi. A Biyana, babban birnin Ostiriya, tun wajen 1940 a ke taron kiɗan sabuwar shekara. Yawancin abin da a ke kaɗawa na gidan Strauss ne, a kan kuma rufe da kiɗa biyu da ba su sākewa, na ƙarshen har jama'a na tafi. Amma a tsakiyar shirin jagora ya kan sa abin da ba a taɓa kaɗawa a wurin ba. Haka kuma babbar waƙar nan ta Handel mai suna Messiah, an fara rera ta a Dublin cikin Afrilu 1742, amma daga baya jama'a suka mayar da ita abin Kirsimeti. Watau abin da a ke kira al'ada yau, wata rana wani ne ya zaɓe shi. Darasin a fili ya ke. A buɗe da sananne, a rufe da sananne, gama mutum na zuwa Salla ne don ya ji abin da ya ji bara tare da waɗanda yanzu ba su da rai. A tsakiya kuwa a ba matashin mawaƙi dama ya gwada sabuwar waƙarsa a gaban manya. In ta yi kyau za a neme ta baɗi, in ba ta yi ba ta faɗi da kanta.

Kada a ce na wanke makaɗan gargajiya tas. Su ma suna da nasu laifi, babbansa kuwa roƙo. Makaɗi ya kan fara waƙa mai kyau, ya hango mai babbar riga, ya yar da waƙar ya koma jera sunaye har a gaji. Amma laifin na wanda ya gayyato shi bai biya shi ba ne. In kwamiti ya iya biyan hayar inji da man da zai sha, ya iya yin jinga da makaɗi tun kafin Salla, a ba shi haƙƙinsa, a gaya masa lokacinsa da abin da a ke so. Kari ya zama kyauta a bisa, ba shi ne abincinsa ba. Sa'an nan a yi masa sharaɗi guda: ban da zambo. Zambo yana da gwaninta, manyan mawaƙan fada duka sun yi shi, amma ranar da a ke bi gida gida ana neman gafara ba ranarsa ba ce. Waƙar jam'iyya kuwa a ajiye ta sai lokacin yaƙin neman ƙuri'a.

Lasifika ma ba abokin gāba ba ne. Da ba don faifai da rediyo ba, da muryar Narambaɗa da ta Jankiɗi sun bi su kabari. A sa lasifika a gaban makaɗi mai rai don na baya su ji. A saki faifan magabata da dare, ko sa'ad da makaɗa ke hutawa. Abu biyu kaɗai na ke roƙo: a kashe na'ura in mai rai ya ɗaga murya, kada kuma a busa wa kowa kakakin faifai, gama abin da aka keɓe wa sarauta in ya zama na kowa ya tashi daga aiki.

Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta sa hawan Sallar Kano a 2024. Waɗannan suna da masu tsaronsu. Sallar Jabo da ta Kebbe da ta ƙauyukan da ke kewaye ba ta da mai tsaro sai mutanenta. Tsohon nan da ya rataya kotso ya tafi, in an maimaita masa haka sau uku, yaransa za su nemi wata sana'a, ranar da aka neme su kuwa ba za a same su ba.

To, ya kai mai karatu, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci ka fito da alƙalami a hannu, ga aikin da ya dace da kai. Tun watan Salla da saura, ka sami dattawan garinku da shugaban makaɗa, ka tambaye su yadda a ke jera kiɗa a dā, ka rubuta. Ka rubuta sunayen makaɗan da suka rage, da kayan kiɗansu, da taken da kowa ya iya. Sa'an nan ku zauna da samari ku tsara takarda guda: bayan Idi wane, da hantsi wane, da la'asar wane, da dare wane. A liƙa ta inda kowa zai gani, a ba yaron na'ura tasa. Tun ran gini a ke zane. Allah ya maimaita mana, ya sa mu ga ta baɗi lafiya, amin.